Tarihin layukan hayaƙi da aka auna ƙarfin bom da su



Wataƙila wasu daga cikinku sun taɓa ganin hoton fashewar bom ɗin nukiliya, wanda ake ce ma bom atomik. Ko a littafi, ko a silima, ko a telebijin. Ga wuta ta dunƙule kamar rana ta faɗo ƙasa. Ga ƙura da hayaƙi sun tashi sama, sun buɗe kamar laimar kwaɗi.

In kun ƙura ma irin wannan hoto ido, sau da yawa za ku ga wasu fararen layuka a gefen wutar. Dogaye ne, sirara, a jere, kamar zaren da masaƙi ya ja. Mutane da dama suna zaton walƙiya ce, ko wani abu ne da bom ya watso. Ba haka ba ne. Hayaƙi ne. Mutane ne suka zana shi a sama da gangan, tun kafin bom ya fashe. Yau tarihin waɗannan layuka za mu bi. Wa ya gano dabarar? Me ake aunawa da su? Kuma me aka yi da abin da aka auna?

Abin da ke rushe gida ba a ganinsa

Bom ɗin nukiliya yana ɓarna ta hanya uku. Akwai zafi mai ƙuna. Akwai guba mai ratsa jiki, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Sa'an nan akwai bugun iska. Kusan rabin ƙarfin bom ɗin a bugun iska yake tafiya, kuma shi ne ke rushe gidaje.

Ku tuna yadda ruwa ke yi in yaro ya jefa dutse cikin tabki. Zobe yake tashi, ya yi ta faɗi har ya kai baki. Haka iska take yi in bom ya fashe. Wutar tana tura iskar da ke kewaye da ita da ƙarfin gaske. Iskar ta matsu, ta yi tauri, ta zama kamar bango. Bangon ya kama gudu ta ko'ina, gabas da yamma, sama da ƙasa. A cikin wannan labari, bangon iska za mu riƙa ce masa.

Da damina kukan ga walƙiya, sai an jima ku ji tsawa. Dalili, ƙara tana da tafiya. Tana cin metir 340 a daƙiƙa ɗaya, wato kilometir ɗaya a daƙiƙa 3. Daƙiƙa 60 ne minti ɗaya. To, kusa da bom, bangon iska ya fi ƙara gudu nesa ba kusa ba. Wanda ke wurin ba zai ji zuwansa ba, sai dai ya ji a jikinsa. In bangon ya yi nisa, gudunsa da ƙarfinsa suna raguwa, har ya koma ƙara kawai.

Ga misalin nauyinsa. A wurin da ƙarfinsa ya isa ya kada yawancin gidaje, ƙofa mai tsawon metir 2 da faɗin metir 1 tana ɗaukar nauyin da ya kai tan 7 a lokaci guda. Buhu 70 ke nan na hatsi, kowane buhu kilo 100. A bayansa kuma ga iska mai gudun fiye da kilometir 250 a awa.

Matsalar ita ce, iska ba ta ganuwa. Yaya za a auna abin da ido ba ya gani? Ku kun san amsar. Mace mai sheƙa ba ta ganin iska, amma tana ganin inda ƙaiƙayi ya nufa. Maharbi yakan saki ƙasa daga hannu don ya san inda iska ke kai warinsa. Hayaƙin murhu ma yana gaya muku daga ina iska take. Masana ba su yi wani abu dabam ba. Sun dai ƙara masa awo da lissafi.

Guntayen takarda na Fermi

Ranar 16 ga watan Yuli na shekara ta 1945, wajen ƙarfe 5 da rabi na asuba, Amurka ta fasa bom ɗin nukiliya na farko a duniya. A cikin hamadar jihar Niyu Meziko aka yi. An ɗora bom ɗin bisa wata hasumiyar ƙarfe mai tsawon metir 30. Sunan da aka ba wannan gwaji Tiriniti.

Cikin masu kallo akwai wani masani, Enrico Fermi, mutumin Italiya da ya koma Amurka. Yana tsaye wajen kilometir 16 daga hasumiyar. Ya riga ya yayyaga takarda ƙanana-ƙanana ya riƙe a hannu. Da haske ya tashi, sai ya jira. Bayan kamar daƙiƙa 40 bangon iska ya iso. Fermi yana ta sakin guntayen takarda, kafin isowarsa, da lokacin da yake wucewa, da bayansa. Waɗanda bugun ya tarar a iska, ya tura su wajen metir 2 da rabi.

Da wannan ɗan awo ya yi lissafi, ya ce ƙarfin bom ɗin ya kai na nakiya tan dubu 10. Daga baya, da aka yi awo na sosai, aka ga ya wuce tan dubu 20. Wato lodin manyan motoci dubu 2, kowace ɗauke da tan 10 na nakiya. Fermi bai faɗi daidai ba. Amma ga mutumin da ba shi da komi sai guntayen takarda, bai yi nisa da gaskiya ba.

Igiyar da ta karye alhali ba ta karye ba

A wannan asuba an kafa na'urorin ɗaukar hoto da yawa. Wani mai suna Berlyn Brixner ne babban mai kula da su. Wasunsu suna ɗaukar dubban hotuna a cikin daƙiƙa ɗaya. Kusa da hasumiyar kuma an ɗaga wasu manyan balan-balan sama, an ɗaure su da igiyar ƙarfe.

Da aka wanke hotunan, sai aka lura da wani abu. A wasu hotuna ana ganin igiyar miƙe a bayan wutar. Amma ɗan nesa kaɗan da bakin wutar, sai a ga kamar ta karye. A hoto na gaba, karayar ta gusa gaba. A na gaba da shi, ta ƙara gusawa. Karaya kuwa ba ta tafiya. Ashe ba igiyar ce ta karye a wurin ba, ido ne ya ga haka.

Ku gwada wannan a gida. Ku cika ƙwarya da ruwa, ku tsoma muciya a karkace. Za ku ga kamar ta karye daidai inda ta shiga ruwa. Ku fid da ita, lafiyarta lau. Abin da ya faru, haske ne ke karkacewa in ya fito daga ruwa ya shiga iska, don ruwa ya fi iska kauri. Haka kuma in kun hangi itace ta saman wutar daji, sai ku ga yana rawa. Iska mai zafi da mai sanyi ba kaurinsu ɗaya ba.

To, bangon iska ma ya fi sauran iska kauri, tun da matsattsiyar iska ce. Hasken da ya ratsa bakinsa sai ya karkace. Saboda haka inda igiyar ta yi kamar ta karye, nan ne bakin bangon yake a wannan lokaci. Abin da ba a gani ya bar sawu. Ba don wannan aka ɗaura igiyar ba, amma ita ta buɗe ma masana ido.

Hiroshima da Nagasaki

Mako uku bayan wannan gwaji, ranar 6 ga watan Agusta na 1945, jirgin saman Amurka ya jefa bom a birnin Hiroshima na ƙasar Japan. Ranar 9 ga wata aka jefa wani a Nagasaki. Kafin ƙarshen shekarar, mutanen da suka mutu a Hiroshima sun kai wajen dubu 140, a Nagasaki kuma wajen dubu 70. Yawancinsu ba soja ba ne.

Ku lura da wani abu. Bom ɗin Hiroshima bai taɓa ƙasa ba. A sama ya fashe, wajen metir 600 bisa birnin. Da gangan aka shirya shi haka, kuma za ku ji dalili a gaba.

Da yaƙi ya ƙare, wani masanin Ingila, William Penney, ya je biranen biyu. Ya riƙa tattara gwangwanayen mai da bugun ya lotsa, yana duba sandunan ƙarfe da suka lanƙwashe, yana auna nisansu da inda bom ya fashe. Da su ya lissafa ƙarfin bugun. Amma wannan bin sawu ne bayan ɓarna ta auku. Sojoji suna son a ga bangon iska yana cikin tafiya.

Yadda ake zana layukan

Daga watan Janairu na 1951 Amurka ta fara gwajin bom a hamadar jihar Nebada, tana kuma yi a wasu tsibirai na tekun Pasifik. A shekarun nan ne layukan hayaƙi suka zama abin aiki. In igiya ɗaya ta nuna wuri ɗaya, me zai hana a yi igiyoyi da yawa? Sai dai ba a iya rataya igiya a sama ko'ina. Hayaƙi kuwa ba ya bukatar abin rataya.

Ga yadda ake yi. Ana jera ƙananan rokoki a ƙasa, a san nisan da ke tsakaninsu. Saura ƴan daƙiƙoƙi bom ya fashe, sai a harba su. Kowace roka ta tashi tana barin farin hayaƙi a bayanta. Ba a harba su da wuri, don kada iska ta watsa layukan. Na'urorin ɗaukar hoto suna can nesa, a ɗaya gefen. Wurin fashewa yana tsakiya, tsakanin na'urorin da hayaƙin.

Bom ya fashe. Bangon iska ya kama faɗi. Duk layin da bakinsa ya gitta, sai a ga ya yi ƙugiya a hoto. Daga baya masana su zauna da hotunan, ɗaya bayan ɗaya. An san tazarar lokacin da ke tsakanin hoto da hoto. An san nisan da ƙugiyar ta gusa. In an san nisa an san lokaci, an san gudu ke nan. Kamar mai kallon sukuwa ne da ya san nisan da ke tsakanin itatuwa biyu, ya ƙirga lokacin da doki ya yi a tsakaninsu.

In kuma an san gudun bangon, an san ƙarfinsa. Wannan lissafi tsoho ne. Wani mutumin Sikotlan, Rankine, ya rubuta shi a 1870. Wani Bafaranshe, Hugoniot, ya ƙarasa shi a 1887. Sun mutu ba su taɓa jin labarin bom ɗin nukiliya ba.

Hayaƙin yana da amfani na biyu. In bangon ya isa kan layin da kansa, yakan ture shi. A nan ana ganin tafiyar iskar, kamar yadda Fermi ya gani da takarda. Hayaƙin yakan yi gaba da ƙarfi, ya tsaya, sa'an nan ya komo baya. Dalili, bayan bangon ya wuce, iska takan ragu a wurin, sai ta waje ta komo ta cike gurbin. Abin da bugun farko ya girgiza, na biyu ya ja shi ta ɗaya gefen.

Akwai na'urorin awon matsi da ake kafawa a ƙasa cikin siminti. Amma a can sama babu inda za a kafa su, kusa da wutar kuma lalacewa suke yi. Hayaƙi ba shi da tsada, kuma in ya watse ba a yi asarar komi ba, tun da hoto ya riga ya kama shi.

Abin da aka gano

Abu na farko, yadda bangon ke yi in ya bugi ƙasa. In bom ya fashe a sama, bangon yana saukowa ya bugi ƙasa, ya komo kamar yadda murya ke komowa daga jikin dutse. Wanda ya komo yana bi ta cikin iskar da na farko ya riga ya zafafa, don haka ya fi shi gudu. Dab da ƙasa sai ya cim masa, su haɗe su zama bango ɗaya, tsaye, wanda ya fi na farko ƙarfi ƙwarai. Shi ke tafiya yana share gari.

Wani masani mai suna Ernst Mach ne ya fara ganin irin wannan haɗuwa, a shekarun 1870. Shi ma da hayaƙi ya yi aiki. Ya shafa baƙin hayaƙi a jikin gilashi, ya tada tartsatsin lantarki a kai, ya duba zanen da bugun ya bari. Wannan haɗuwa ce dalilin da ya sa aka fasa bom ɗin Hiroshima a sama. In an fasa shi a ƙasa, ƙarfi mai yawa zai tafi wajen haƙa rami. In an fasa shi a tsawon da ya dace, ɓarnar ta fi faɗi. Gwajin da aka yi daga baya, don a daidaita wannan tsawo ne sosai.

Abu na biyu ya zo ba zato. A ƙarshen 1951 awon da aka yi a Nebada bai yi daidai da lissafi ba. A 1952 aka shirya wasu gwaje-gwaje don a san dalili. Ashe hasken bom yana riga bangon iska isa ƙasa. Yana gasa ƙasar hamada nan take, sai iska mai zafi da ƙura su kwanta bisa ƙasa. Bugu kuwa ya fi gudu cikin iska mai zafi. Sai wani ɓangarensa ya tsere ma sauran, ya yi gaba, yana jan guguwar ƙura mai nauyi.

Ranar 25 ga watan Mayu na 1953 aka ga aikin wannan guguwa a fili. An harba bom daga bakin wata ƙatuwar igwa, ya yi tafiyar wajen kilometir 11, ya fashe metir 160 bisa ƙasa. Ƙarfinsa kamar na Hiroshima, tan dubu 15. Motocin soja da aka ajiye don gwaji, guguwar ta yi jifa da su fiye da yadda aka zata. Hoton wannan rana yana cikin waɗanda aka fi bugawa, kuma layukan hayaƙi sun fito sosai a cikinsa.

Me aka yi da wannan sani?

An tara awon, an yi jadawali. Bom mai ƙarfi kaza, a tsawo kaza, zai rushe gidan bulo har nisa kaza. A 1957 gwamnatin Amurka ta buga littafi guda a kan haka. Masu gini sun amfana, sun san kaurin da mafakar ƙarƙashin ƙasa ke bukata. Har gidaje aka gina a hamada don gwaji. A watan Maris na 1953 an gina gidan katako wajen kilometir ɗaya daga bom, an sa gumaka masu kamar mutane a ciki. Bai kai daƙiƙa 3 ba ya zama tarkace.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Ba don gina mafaka aka fara wannan awo ba. Mai yaƙi ne ke son ya san bom nawa ake bukata a kan gari, kuma a wane tsawo za a fasa shi. Dabarar mai kyau ce, irin ta mai sheƙa. Abin da aka nufa da ita shi ne abin tsoro.

Abin da layukan ba su nuna ba

Bangon iska yana wucewa cikin ƴan daƙiƙoƙi. Ƙura mai guba kuwa tana tashi sama, iska ta ɗauke ta, ta sauka inda ta ga dama. Layukan hayaƙi ba su auna wannan ba. A Nebada an fasa bom 100 a fili tsakanin 1951 da 1962. A 1953 makiyayan jihar Yuta, inda iska ke kai ƙurar, sun yi asarar dubban tumaki. Daga baya ciwon daji ya yi yawa a wasu garuruwan yankin. Sai a 1990 aka yi dokar biyan diyya.

Mu ma abin ya zo kusa da mu. Ranar 13 ga watan Fabrairu na 1960, wata shida kafin Nijar ta sami mulkin kai, Faransa ta fasa bom ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya. Ya ninka na Hiroshima fiye da sau 4. Ta fasa wasu uku a can, na ƙarshe a watan Afrilu na 1961. Ƙasashen Afirka sun yi kuka. Gana ta riƙe dukiyar Faransa da ke ƙasarta. Najeriya ta kori jakadan Faransa a watan Janairu na 1961. A 2014 aka buga wata taswirar sojan Faransa da aka daɗe ana ɓoyewa. Ta nuna ƙurar bom na farko ta ƙetare Sahara, ta kai Cadi, ta kai Bamako cikin ƴan kwanaki.

Ƙarshen layukan

Kukan jama'ar duniya a kan wannan ƙura ya yi yawa. Ranar 5 ga watan Agusta na 1963, Amurka da Ingila da Tarayyar Sobiyet suka sa hannu a birnin Mosko, suka hana gwajin bom a sararin sama da cikin ruwa. Faransa da Sin ba su shiga ba. Faransa ta daina gwaji a fili a 1974, Sin kuma a 1980. Tun daga nan ba a sake fasa bom ɗin nukiliya a sararin sama ba. Gwaji ya koma ƙarƙashin ƙasa, inda hayaƙi ba shi da aiki.

Dabarar dai ba ta mutu nan take ba. A 1964 an tara nakiya tan 500 a wani fili a ƙasar Kanada, aka fasa, aka bi tafiyar iskar da hayaƙi.

A 1996 aka rubuta wata yarjejeniya ta hana gwajin gaba ɗaya, ko a sama ko a ƙasa. Har yanzu ba ta zama doka a kan kowa ba, don wasu manyan ƙasashe ba su tabbatar da ita ba. Amma an kafa ɗaruruwan tashoshin saurare a duniya. Wasu suna jin bugun iska daga dubban kilometir. Wasu suna jin motsin ƙasa. Wasu suna tace iska suna neman ƙura mai guba. An kafa ɗaya daga cikin masu jin motsin ƙasa a nan Nijar, a Torodi, kudu maso yammacin Yamai. A da ana awo don a ƙara ma bom ɓarna. Waɗannan tashoshi kuwa, don a kama wanda ya fasa a ɓoye aka kafa su.

To, ƴan'uwa, in kun sake cin karo da hoton nan, kada ku tsaya ga wutar kawai. Ku duba gefe, ku nemi fararen layukan. In hoton ya fito da kyau, ku bi su da ido har inda suka yi ƙugiya. Nan ne bakin bangon iska yake lokacin da aka ɗauki hoton. In wani ya ce muku walƙiya ce, ku kawo ƙwaryar ruwa da muciya ku nuna masa.

Sai wani jiƙon.